Itacen Gona da Gandun Daji: Waiwaye Kan Tarihin Ƙasar Kunduru da Kewayenta

Gabatarwa

Masana na wannan zamani suna yawan magana a kan wani abu da za mu iya kira yawan ire-iren halittu, watau dukkan irin itatuwa da ciyayi da dabbobi da tsuntsaye da ƙwari waɗanda ke zaune a wuri ɗaya, kowane yana dogara da ɗan'uwansa. A shekarar 1992 ƙasashen duniya suka taru a birnin Riyo na ƙasar Barazil suka ƙulla yarjejeniyar kare waɗannan halittu, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta cikin yarjejeniyar a 1994. Tun kafin wannan taro, har kuma bayansa, akwai gardama da ba ta mutu ba. Wasu suna ganin ba yadda za a yi daji ya tsira sai an keɓe shi an hana mutane shiga. Wasu kuwa cewa suke yi talakan da ke fama da abin da zai sa a tukunya ba shi da lokacin tausaya wa tsuntsu, saboda haka a bar shi ya ci gaba tukuna, daji ya jira.

Abin da nake so in yi a wannan maƙala shi ne in auna wannan gardama da ma'aunin tarihin ƙasarmu, watau Kunduru da sauran garuruwan Kankiya da Kusada a tsakiyar Jihar Katsina. Zan duba yadda mutane suka zauna da itatuwa kafin zuwan Turawa, da abin da ya sauya a zamanin En'e, da abin da fari ya koya mana, sa'an nan in leƙa maƙwabtanmu na Maraɗi. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne itace ya fi daɗewa a inda manomi ya san nasa ne kuma yana cin amfaninsa, amma duk da haka gona kaɗai ba ta iya riƙe dukkan halittun da muka gada.

Ƙasar da Sunayenta

Kunduru tana cikin Ƙaramar Hukumar Kankiya, a mazaɓar da ake kira Kunduru da Gyaza. Garin Kankiya kansa yana kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, Kusada kuma tana maƙwabtaka da ita ta wajen iyakar Kano. Ƙidayar 2006 ta ba Kankiya mutum wajen dubu 151, Kusada kuma wajen dubu 99. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, damina wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara rani.

Ɗalibin Hausa ba ya bukatar ya je ɗakin adana takardu kafin ya fara karanta tarihin itatuwan wannan ƙasa, domin sunayen garuruwa sun isa su buɗe masa ƙofa. A cikin Kankiya akwai Rimaye, jam'in rimi ke nan, akwai kuma Tafashiya, wadda sunan wani itace ne da masu magani suka sani. In aka matsa gaba akwai Rimi da Ɓaure a Jihar Katsina, da Kukar Jangarai a yamma, da Rimin Gado da Kurna da Ɗorayi a Kano. Mutanen da suka raɗa wa mazauninsu sunan itace ba baƙin itace ba ne. Da shi suke yin kwatance, a gindinsa ake cin kasuwa, a inuwarsa ake shari'a da karatu. Abin tambaya a nan shi ne, garuruwa nawa ne a yau suke riƙe da sunan alhali itacen ya daɗe da faɗuwa?

Kafin Zuwan Turawa

Shaida mafi kusa da muke da ita a rubuce game da kamannin wannan ƙasa ita ce ta Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da Abdulkarimu. Ya bar birnin Katsina a ƙarshen watan Janairu na 1851, ya bi ta Kusada, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Ƙasar da ya ratsa ta burge shi ƙwarai, ya bayyana ta a matsayin ƙasa mai gonaki da garuruwa da garkunan shanu, ga manyan itatuwa a warwatse cikin gonakin kamar an tsara lambu. Mai karatu ya lura, abin da Barth ya gani ba ƙurmi ba ne wanda gatari bai taɓa shiga ba. Ƙasa ce da aka daɗe ana nomawa, itatuwan da ke cikinta kuwa zaɓaɓɓu ne, manomi ya bar su ne da gangan lokacin da yake sassabe.

Dalilin barinsu ba ɓoyayye ba ne. Ɗorawa tana ba da gari, ƙwayarta kalwa ita ake dafawa a yi daddawa, ɓawonta kuma a yi makuba ta shafen soro. Kuka tana ba da miya da igiya. Tsamiya ta kunu ce. Da bagaruwa majema ke jeme fata, fatar da ta kai sunan ƙasar Hausa har bakin Bahar Rum. Maƙera suna son gawayin ƙirya, masassaƙa kuma suna son jikinta don turmi da taɓarya. Giginya tana ba da azara, goriba tana ba da kaba. Kanya da ɗinya da aduwa da magarya da kurna abincin yara ne a shekarar wadata, abincin kowa ne a shekarar yunwa. Shi kuwa gawo halinsa dabam ne: yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobin da ke kwana a gindinsa suna barin taki, shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili kyau. Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo ba da izini ba.

Bayan itatuwan gona akwai wasu wurare da al'ada da shari'a suka keɓe. Kowane gari yana da hurumi, akwai makiyaya da mashaya, akwai burtali wanda shanu ke bi tsakanin gonaki, shingensa kuwa mafaka ce ta tsuntsaye da zomaye da ƙananan itatuwa. Akwai saura, watau gonar da aka bari ta huta shekaru har sabara da geza da kalgo su rufe ta. Malaman jihadi ba su bar wannan fage ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba mai ita, inda ya yi bayanin hurumin gari da na rijiya da kuma ikon shugaba na keɓe makiyaya don amfanin jama'a. Tsakanin manomi da makiyayi kuma akwai ciniki: bayan girbi Bafulatani ya sauka a gona, shanu su ci kara su bar taki, a ba shi hatsi.

Kada mu ƙawata zamanin fiye da kima. Wani ɓangare na dajin da ya yi kauri a ƙarni na 19 yaƙi ne ya haife shi. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a wajen 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, aka yi ta kai wa juna hari shekara da shekaru. Garuruwa da yawa a arewa da yammacin Katsina suka watse, mutane suka takure cikin ganuwa, gonakinsu suka koma daji, namun dawa suka samu wurin sakewa. Dokta Yusufu Bala Usman ya yi bayanin sauye-sauyen wannan ƙarni a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981. Watau dai tun a wancan lokaci akwai daji iri biyu: wanda mutane suka raina da hannunsu a cikin gona, da wanda tsoro ya raina a bayan gari.

Zamanin Turawa da En'e

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, Katsina ta miƙa wuya a shekarar, a 1906 kuma aka naɗa Muhammadu Dikko sarki. Da hare-hare suka tsaya sai mutane suka fito daga ganuwa suka bazu, aka kafa sababbin ƙauyuka, aka sare dazuzzukan da yaƙi ya bari. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, wanda ya tilasta wa kowane magidanci ya noma abin sayarwa, gyaɗa ko auduga. Gona ta faɗaɗa, saura ta ragu. Daga ƙarshen shekarun 1920 Ma'aikatar Gona ta fara koya wa mutane noma da garmar shanu, ita kuwa garma ba ta shiri da kututture, saboda haka manomin kirki a idon malamin gona shi ne wanda ya tumɓuke komai ya bar fili fes. Wannan koyarwa ta zauna a zukata, kuma za mu sake haɗuwa da ita nan gaba.

A daidai wannan lokaci gwamnatin da ta buɗe ƙofar sara ita ce kuma ta fara kukan daji yana ƙarewa. An kafa Dokar Gandun Daji a 1916, aka sake ta a 1937. A ƙarƙashinta aka yi ta yanka gandayen daji na gwamnati da na En'e, aka hana noma a ciki, aka ɗaure sara da farauta da sharuɗɗa. Har ila yau aka jera wasu itatuwa waɗanda ba a sarewa sai da takardar izini, ko da kuwa a gonar mutum suke. Malamin daji ya zama ɗaya daga cikin ma'aikatan da talaka ke gudu.

A 1934 wani shehun malamin ilmin daji daga Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya zagaya arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. A 1935 ya buga maƙala yana gargaɗi cewa Sahara tana gangarowa kudu, laifin kuma na manomi ne da makiyayi, ya ba da shawarar a kafa doguwar katangar daji a hana mutane taɓa ta. Maganarsa ta tayar da hankali har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti wanda ya bi iyakar ƙasashen biyu a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai sami shaidar cewa hamada tana tafiya kamar runduna ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa a wurare daban-daban, gwargwadon yadda ake amfani da ita. Duk da haka ra'ayin Stebbing ya fi na kwamitin tsawon rai, har yau ana jin sa a jawaban ranar dashen itace.

Ban ce gandun daji bai yi amfani ba. Ya tsare maɗaci da marke da sauran itatuwan da manomi ba ya bari a gona, ya kuma ba namun daji mafaka na wani lokaci. Amma dokar ta haifar da illa biyu. Ta farko, ta raba mutane da dajin da kakanninsu ke kula da shi, ya zama na hukuma, abin hukuma kuwa a idon talaka ba shi da uwa ba shi da uba. Ta biyu, ta sa ɗan itacen da ya tsiro a gona ya zama abin tsoro. In ka bar shi ya girma ya fita daga hannunka, sai ka nemi izini kafin ka taɓa reshensa. Mai hankali sai ya sare shi tun yana ƙarami, kafin malamin daji ya gan shi.

Bayan Mulkin Kai: Makiyaya, Fari da Bedi

A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya. Dajin Ruma da Kukar Jangarai, wanda jama'a suka fi sani da Dajin Rugu, a yammacin Katsina, yana cikin wuraren farko da aka gwada wannan tsari, da taimakon Amurka. An yi madatsun ruwa da wuraren kula da lafiyar dabbobi, da nufin makiyayi ya zauna wuri ɗaya, daji kuma ya huta bi da bi. Niyya ce mai kyau, domin ta haɗa kare daji da kyautata rayuwar mutane. Sai dai ba a ɗore da kulawa ba. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni, hakimai da dagatai suka rage ƙarfi, ba a kuma sami wanda ya maye gurbinsu wajen tsaron hurumi da burtali ba. Gonaki suka ci burtali, aka yanka gefen gandaye aka raba.

Sa'an nan ga fari. Ƙasar Hausa ta san yunwa tun da daɗewa, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, amma farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun zo ne lokacin da jama'a ta yi yawa, saura ta ƙare. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita, ya nuna a littafinsa na 1983 cewa ba rashin ruwa kaɗai ke kawo yunwa ba, har da yadda haraji da bashi da kasuwa suka raunana magidanci tun kafin ruwan ya ɗauke. Dattawanmu da suka ga waɗannan shekaru suna tuna yadda tafasa da yaɗiya da ganyen aduwa da garin ɗorawa suka riƙe gidaje, da yadda aka yi ta sassaƙe rassan gawo don a ceci awaki. Gidan da ke da itatuwa a gona ya fi wanda ba shi da su jimiri. A nan ne ya bayyana a fili cewa ire-iren tsirran nan rumbu ne na biyu.

Amsar da gwamnati ta bayar ita ce dashe. An kafa Jihar Katsina a 1987, a shekarar kuma aka fara aikin dashen itatuwa na Katsina da kuɗin Tarayyar Turai da Gwamnatin Tarayya. An yi gandayen renon itace, an raba dashe ga manoma da makarantu, an dasa jerin itatuwa masu tare iska. Itacen da ya fi cin moriyar wannan zamani shi ne bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya ko dogon yaro. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne, an shigo da shi Barno a 1928. Yana da saurin girma, akuya ba ta cika damunsa ba, yana ba da inuwa da itacen girki da na rufi. Ba mai musun alherinsa. Amma ba a yin daddawa da bedi, ba a yin miya da shi, ba a jima da shi.

Masu bincike sun tabbatar da wannan a ƙasar Kano, wadda yanayinta da nomanta suka yi kama da namu. Michael Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero sun nuna tun a shekarun 1980 cewa a karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda mutane suka fi cunkoso, manoma ba su ƙarar da itatuwansu ba, suna sassabe reshe ne su bar uwa. Wani bincike na Muhammad Usman da Janet Nichol da aka buga a 2018 ya sami cewa yawan itatuwan gona a can ƙaruwa ma ya yi. Sai dai bedi ne ke ƙaruwa, itatuwan gado da yawa suna ja da baya. Ashe ana iya samun ƙaruwar itace tare da raguwar iri, kuma wanda ya ƙirga kai kawai ba zai ga asarar ba.

Darasi Daga Maraɗi

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, harshe ɗaya, noma ɗaya. Can ma Faransa ta kafa doka a 1935 wadda ta mai da itatuwa mallakar hukuma, gwamnatin Nijar kuma ta gaje ta. Zuwa farkon shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili, iska tana binne shuka da rairayi har sai an yi shuka biyu ko uku, mata suna girki da kara da kashin shanu. An kashe kuɗi mai yawa a kan dashe, mafi yawansa ya mutu.

A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa kowace shekara lokacin sharar gona ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi aka sare sauran, aka kuma kare su, cikin 'yan shekaru sai su zama itace, domin saiwar ta riga ta kai ga danshi. Manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani, ko da yake dabara ce da kakanni suka sani. A yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci. Da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga itacen girki da abincin dabbobi da ƙarin amfanin gona, sai maƙwabta suka yi koyi, gani ya kori ji. Abin da ya ƙarfafa shi kuwa shi ne hukuma ta sassauta. Ma'aikatan daji suka rage tara, dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara wa manomi iko a kan abin da ya raina. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan, da suka gwada hotunan sama na da da na baya, sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200, gawo a kan gaba.

Halin da Muke Ciki

In mai karatu ya ratsa gonakin Kunduru zuwa Gyaza da rani zai ga kukoki da tsamiyoyi da ɗorawa tsofaffi, amma zai daɗe bai ga ƙaramarsu ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Gonaki sun tsattsage saboda rabon gado, jama'ar jihar ta tashi daga miliyan 3.7 a 1991 zuwa miliyan 5.8 a 2006, garma da awaki ba sa barin toho. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 tsadar makamashi ta ƙara tura gidajen birni ga gawayi, mai gawayi kuwa ba reshe yake so ba, gindi yake so. Wanda asarar ta fi faɗa wa su ne mata, domin su ke da sana'ar daddawa da kuka da tabarma, su ne kuma ke tafiya neman itacen girki. Barewa da gada da kura sun zama labari ga yaranmu. Ungulu, wadda ba a rasa ta a mahauta, ta yi ƙaranci har a 2015 aka sa irin wadda muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Shi kuwa Dajin Rugu, wanda aka keɓe don shanu da itatuwa, ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara aka shiga da su daji, garuruwan tsakiyar jihar ma ba su tsira daga hare-hare ba. Dalilan wannan bala'i suna da yawa, ba zan rataya su duka a wuyan dokar daji ba. Amma toshe burtali, da cinye makiyaya, da barin daji babu makaranta babu asibiti babu hukuma, suna daga ciki. Mun koma inda ƙarni na 19 ya bar mu, inda tsoro ne ke tsaron daji.

Kammalawa

Tarihin da na bi ya nuna abu uku. Na ɗaya, yawancin ire-iren itatuwan da suka rage mana a gona suke, kuma amfani ne ya tsare su. Na biyu, duk dokar da ta raba manomi da itacensa ta kashe abin da take son karewa. Na uku, akwai halittun da gona ba ta ɗauka, dole sai da daji, shi kuwa daji ba ya tsaruwa sai mutanen da ke gefensa, manoma da makiyaya, suna da rabo da murya a cikinsa. Ƙasashen Afirka sun amince da shirin Babbar Katangar Itatuwa a 2007, Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Nijeriya, a 2022 kuma ƙasashen duniya suka yi alkawari a Mantiriyal ta Kanada cewa za su keɓe kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa kafin 2030. In za a aiwatar da waɗannan a ƙasarmu, ina ganin a fara da tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen da ya raina nasa ne, a koyar da sassabin zamani, a sa ɗorawa da kuka da gawo a gandayen reno tare da bedi, a kuma fitar da burtali da hurumi da shawarar masu amfani da su.

Mu ɗaliban Hausa ma muna da namu aiki. Tun 1916 Dokta J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga, ƙamus ɗin Bargery na 1934 kuma cike yake da su. Da yawa daga cikin waɗannan sunaye ba mu san su ba a yau, waɗanda suka san su kuwa, tsofaffin mata da maharba da masu magani da makiyaya, kullum raguwa suke yi. Ina ba ƙungiyarmu shawara kowane ɗalibi in ya tafi hutu ya zauna da dattawan garinsu, ya rubuto sunayen itatuwa da ciyayi da tsuntsaye, da amfanin kowane, da wanda ya ɓace da lokacin da aka daina ganinsa, mu tara mu buga a wannan mujalla. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.